Watan da Ke Jan Teku

Wanda ya tashi a ƙauye ba sai an gaya masa daren sha huɗu ya zo ba. Rana na faɗuwa, kafin liman ya sallame magariba gabas ta riga ta yi ja, sai ga wata ya leƙo daga bayan gonaki, cikakke, ba a gutsure masa ko'ina ba. A Kurni, cikin gundumar Kance ta jahar Damagaram, babu dutse ko dogon bene da zai tare wa mutum wannan fitowa. Ƙasa ce ta jigawa da fadamu, kuma tana cikin yankin nan na Matamaye da Magarya da Mirya da ya yi suna wajen barin gawo ya tashi a cikin gona. Bayan kaka, in an yanke gero an kwashe kara, ido na tafiya har inda sama ta haɗu da ƙasa, wata kuma ya tashi ta tsakanin gawo, a daidai lokacin da itacen ya fitar da sabon ganye.

Daga nan zuwa teku mafi kusa ya kusa kilomita 900 ko da a miƙe aka auna, kuma Nijar ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya. Duk da haka mutanen yankin ba baƙin teku ba ne. Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, samari da magidanta kan kama hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto, su ƙetara zuwa Daura da Kano. Wasu su tsaya nan, wasu su zarce Legas, Kwatano, Lome, Ankara ta Gana ko Abijan. A unguwanni irin su Agege da Obalande, da Zangon Kwatano, da Nima, akwai wanda zai sauke su ya nuna musu inda ake neman na kai. Tafiyar ba ta yau ba ce. Fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda ya fito a 1967, labarin samari uku ne daga yammacin Nijar da suka nufi ƙasar da ake kira Gana a yau don neman kuɗi. A cikin masu irin wannan tafiya akwai wanda wata rana ƙafa za ta kai shi bakin ruwa da almuru, ya tarar da watan da ya baro a gida yana fitowa daga cikin teku.

Kafin mu bi shi can, ya kamata mu ga abin da ya tafi da shi a ka. Tambayi tsohuwa a Kurni, "Inna, yau wata nawa?" Ba za ta nemi kalanda ba. Za ta tuna lokacin da ta gan shi jiya da yadda cikinsa yake, ta ce maka goma ne ko sha ɗaya, kuma da wuya ta kauce da fiye da kwana guda. Abin da ta riƙe shi ne abin da masana taurari suka auna: daga tsayuwar wata zuwa ta gaba kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Shi ya sa wani watan ke tsayawa a 29 wani ya cika 30, shekarar Musulunci kuma ta zama kwana 354 ko 355, tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, azumi yana zagayawa daga bazara zuwa sanyi zuwa damina. Ta kuma san wata na makara kullum. Daren sha huɗu tare da magariba yake fitowa, sha shida sai wajen lisha, in ya wuce ashirin sai dare ya raba, a ƙarshe kuma sai da asuba, siriri, kafin ya ɓuya. Makarar kimanin minti 50 ce a kowace rana. Dalilinta shi ne wata yana zagaya duniya yana matsawa gabas da wajen digiri 13 kullum, don haka sai duniya ta ƙara ɗan juyawa kafin ta sake kawo mu gabansa.

Kallon wata iri biyu ne a ƙasarmu, kuma yaran yanzu na yawan haɗa su. Akwai duban jinjirin wata, wanda ake yi a yamma bayan faɗuwar rana, ran 29 ga wata. Wannan jinjiri ba fitowa yake yi ba, faɗuwa yake shirin yi, shi ya sa mintocin ganinsa kaɗan ne, kuma shi ya sa ake jiran sanarwar Majalisar Musulunci daga Yamai, maƙwabta a Najeriya kuma suna jiran ta Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Garuruwan da ke kusa da iyaka sun san shekarun da sanarwar biyu ba ta zo daidai ba, dangi su yi salla a ranaku dabam. Kallo na biyu babu mai jiran sanarwa a kansa. Shi ne na gabas, na farin wata sha kallo, lokacin da dandali ke cika, 'yan mata na gaɗa, samari na langa, ƙananan yara sun kewaye kaka suna jiran tatsuniya. Ba banza ba ne ake fara tashe ran goma ga azumi: daga nan ne wata ke da hasken da zai raka yara gida-gida har dare ya yi nisa. Ranakun 13, 14 da 15 da masu ibada ke azumin nafila a cikinsu su ma na wannan farin ne.

To, mutumin da ya san duk wannan, mene ne sabo da zai gani a bakin teku?

Da farko zai ga iyakar sama da ba ta da ko itace ɗaya. Mai tsaye a kan rairayi yana hangen ruwa zuwa kusan kilomita 5 ne kawai, daga nan kumburin duniya ya ɓoye sauran, amma layin a miƙe yake fes, kuma a kansa wata zai ɓullo. Yakan fito ja wur kamar garwashi, a ɗan daɓe, faɗinsa ya fi tsayinsa. Duk wannan aikin iska ne. Hasken da ke zuwa daga gefen sama yana ratsa iska mai kaurin da ya kusa ninka na tsakiyar sama sau 40, a kan hanya kuwa shuɗin cikinsa ya watse, ja ya rage. Mutumin Kurni ya san wannan launi daga lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke riƙe wata ja har ya yi nisa da ƙasa. A can ƙura ce ke yin aikin, a bakin teku kuma danshi da gishirin da ke yawo cikin iska ne ke taimakawa. Iskar nan kuma tana lanƙwasa haske, tana ɗaga abin da ke gefen sama da kimanin rabin digiri, wato daidai faɗin watan kansa. Ma'ana, a lokacin da ka ga gindinsa ya rabu da ruwa, a haƙiƙa bai gama fitowa ba, iska ce ta riga ta miƙo maka hotonsa. Da yake ta fi ɗaga gefen ƙasa a kan na sama, sai ya fito a daɓe.

Girman kuwa shi ne abin da ya fi jawo gardama. Kowa zai rantse wata ya fi girma a lokacin fitowarsa, kuma ni ma idona haka yake gaya mini kowane wata. Amma ɗauki ƙwayar wake guda, ka miƙe hannunka iyakar miƙewa, ka rufe ido ɗaya: waken zai rufe watan gaba ɗaya. Jira ya hau tsakiyar sama ka sake gwadawa, waken nan dai zai rufe shi, ba ragi ba ƙari. Hasali ma a lokacin fitowa ya fi nisa da kai da wajen kilomita 6,000, domin kana kallonsa ne daga gefen duniya. Nisansa daga gare mu a matsakaici kilomita 384,400 ne, yana ɗan matsowa yana ɗan janyewa a cikin zagayensa, amma ba cikin dare ɗaya ba. Ƙarin girman a cikin kanmu yake faruwa. Ibn al-Haisam, malamin Basra da ya zauna Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya yi bayanin wannan a littafinsa na ilimin gani, Kitab al-Manazir. A ganinsa, ido na ƙiyasta nisan abu ne da abubuwan da ke tsakaninsa da shi. Gefen sama, da yake akwai ƙasa ko ruwa shimfiɗe har zuwa can, sai ya yi mana kamar ya fi tsakiyar sama nisa, abin da ke zaune a wurin kuma hankali ya ba shi girman da ya dace da wannan nisa. Masana na ci gaba da muhawara kan cikakken bayanin, amma maganar malamin Basra na cikin waɗanda har yau ake farawa da su, kuma ina ganin ya kamata ɗaliban makarantun allo da na boko duka su san sunansa.

Sai kuma abin da tudu ba zai taɓa ba ka ba: hanyar haske a kan ruwa, wadda ke tasowa daga gindin wata ta miƙo har ƙafafunka. In ka matsa ta bi ka, abokinka da ke tsaye can gefe shi ma zai ce gare shi ta nufo. Ku duka kun yi gaskiya, domin kowace ƙaramar igiyar ruwa na maido da haske, kuma kowa na ganin waɗanda suka karkato zuwa idonsa ne kawai. Wanda ya taɓa tsayawa bakin tabki da damina ya ga wata guda a kwance cikin ruwa, saboda ruwan a natse yake. Teku ba ta natsuwa, shi ya sa take farfasa shi ta ja shi ya yi tsawo.

Akwai wani abu da ba kasafai ake faɗa ba game da gaɓar da mutanenmu suka fi zuwa. Daga Legas zuwa Kwatano da Lome, teku a kudu take, gaɓar kuma ta miƙe ne daga yamma zuwa gabas. Wata ba daga kudu yake fitowa ba, saboda haka ba kowane daren sha huɗu ne zai fito daga cikin ruwa ba. Cikakken wata kullum yana kishiyar rana ne. A Disamba da Janairu, lokacin da rana ta karkata kudu, shi sai ya fito ta gabas maso arewa, ta kan gari da itatuwan kwakwa, sai ya hau sannan haskensa ya sauka a kan ruwa. A Yuni da Yuli kuwa, rana na arewa, shi yana fitowa ta gabas maso kudu, daga cikin teku sosai. Kun ga ke nan kalandar ɗan ci-rani ba ta cika dacewa da wannan kallo ba. Yana isowa a tsakiyar sanyi, yana komawa gida da zarar ya ji labarin ruwan shuka. Rabonsa yana cikin watannin ƙarshe na zamansa, Afrilu da Mayu, in gajimare bai rufe ba.

Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa sun fi samun wannan gani a cikakke. Hanyarsu ta bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, wasu suna shekaru a kanta suna noma da ƙwadago don haɗa guzuri, wasu ma suka zauna a Sudan har yau zuriyarsu na can suna jin Hausa. Waɗanda suka kai ƙarshen tudu sun tsaya a Sawakin, tsohuwar tashar alhazai a gaɓar Bahar Maliya, inda ruwan ke gabas da mutum. A can kowane cikakken wata daga teku yake tashi, ta wajen ƙasar da suka yi shekaru suna nufa. In sun ƙetara zuwa Jidda sai abin ya juya, ruwa ya koma yamma, jinjirin wata ne ke faɗawa cikinsa. A zamaninmu kuma wata hanya ta buɗe zuwa arewa, wadda gundumar Kance ta sani fiye da kowace a Nijar: hanyar Agadas da Arlit zuwa Aljeriya, inda mata da yara ke tafiya neman abin rufin asiri, wasu har birnin Aljas da ke fuskantar gabas a bakin Bahar Rum. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara, akasarinsu daga wannan yanki. Ba zan iya rubuta labarin mutanen nan da teku in tsallake su ba.

Babban abin da teku ke koya wa mutumin tudu shi ne wata ba fitila kawai ba ne, yana da ƙarfi. Wanda ya ɗan jima a bakin ruwa zai lura da cewa inda ya ajiye takalminsa da la'asar ruwa ya iso wurin da dare, da safe kuma ya ja baya ya bar jiƙaƙƙen rairayi. Sau biyu ruwa ke cika sau biyu yake janyewa a cikin awa 24 da minti 50. Wannan minti 50 ɗin ita ce makarar da Inna ta sani. Masu jiragen ruwa sun daɗe da gane cewa cikar teku na bin wata, amma Isaac Newton ne a 1687 ya bayyana yadda abin yake: wata na jan duniya, kuma ya fi jan gefen da ke kusa da shi a kan tsakiyarta, ya fi jan tsakiyar a kan gefen da ke nesa. Wannan bambancin ja ne ke sa ruwa kumbura ta fuska biyu, ta wajen wata da ta bayansa, duniya kuma tana juyawa tana ratsa kumburin biyu kowace rana. Rana ma na yin nata jan, wanda bai kai rabin na wata ba. In suka jeru a layi ɗaya, wato a ƙarshen wata da kuma daren sha huɗu, sai ƙarfinsu ya haɗu, ruwa ya cika fiye da kullum ya kuma janye fiye da kullum. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa suna ja ne ta fuskoki dabam, sai teku ta yi sanyin motsi. Yawan hawan ya danganta da siffar gaɓa. A Legas wajen mita 1 ne, a Konakiri yakan wuce mita 3, a mashigin Fundy na Kanada yana kaiwa mita 16, a Bahar Rum kuma da ƙyar ake lura da shi.

Ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Lome, inda kayan da ake sayarwa a kasuwannin Nijar suka daɗe suna sauka, suna da jadawalin cika da janyewar ruwa a rubuce. Masunci ma da shi yake sanin lokacin tura kwalekwale da lokacin jawo shi. Jadawalin nan a kan lissafin wata aka gina shi, lissafin da ake riƙe da shi a Kurni don sanin ranar fita takaba da ranar ɗaukar azumi. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na tabki ba, in ta ce maka jibi sha huɗu, ta gaya maka ranakun da teku za ta fi hawa a mafi yawan gaɓoɓin duniya. Ina ganin wannan ya isa ya sa mu daina ɗaukar ilimin nan a matsayin kayan tsofaffi. Abin da ke damuna shi ne yadda yake zubewa. Fitilar sola da hasken waya sun shigo ƙauye, kuma alheri ne, yaro na karatu da dare, mai jego na ganin jaririnta. Amma saurayin da zai faɗa maka sakamakon ƙwallon Ingila bai san yau wata nawa ba sai ya duba allon wayarsa, alhali sama a buɗe take a kansa, da duhun da mutanen Legas ba su da shi ko da kuɗi. Malamin makaranta a Kurni na da duk abin da yake bukata don koyar da juyin duniya da zagayen wata: ya sa ɗalibai su rubuta lokacin fitowar wata da siffarsa kullum har kwana 30, su da kansu za su gano minti 50 ɗin.

Wanda kuma hanya ta kai shi gaɓa yana so ya gani da idonsa, kada ya zaɓi daren sha uku, domin wata zai fito rana ba ta faɗi ba, fari fat ba armashi. Sha huɗu zuwa sha shida ne lokacinsa, ya isa wurin kafin magariba, ya nemi inda fitilun gari ke bayansa, ya fuskanci gabas. Ya tuna kuma cewa waɗannan ne dararen da ruwa ya fi hawa. Tekun da ke tsakanin Legas da Abijan na da igiya mai ƙarfi, da wani ja na ƙarƙashi da ke kwashe rairayi daga ƙasan ƙafa ya yi ciki da mutum, har gwanayen iyo na shakkarta. Ita ce ta riƙa cinye gaɓar Bar Beach tana malalowa kan titin Ahmadu Bello a Legas, kafin a cike wurin a gina katangar duwatsu ta Eko Atlantic. Ɗan tudun da iyonsa bai wuce na tabkin damina ba ya tsaya inda rairayi ya bushe, ya bar tazara mai kyau tsakaninsa da inda igiyar ƙarshe ta jiƙa, kuma kada ya juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto.